Sunan da Tasalla Ba Ta Faɗa

A Beli kowa ya san man gyaɗar Tasalla matar Sulle, amma kaɗan ne suka taɓa jin muryarta ta tsallake katanga. 'Yar masu shanu ce, ta tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ma kallonsa idan da mutane. Nata ɗan farin Yusha'u ne. Ita dai "yaron nan" take cewa.

Da sikila aka haife shi. Duk wata sai ta goya shi zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Malama Bahijja ce ke duba yara a lokacin. Sai ta gaishe ta, ta tambayi gida da shanu da ruwa, sannan ta leƙa goyon ta ce, "Yusha'u mijina, yau ma ba ka zo mini da ƙuli ba?" Ba kullum ake samun magani ba, wani lokacin takarda kawai za a ba ta. Amma Tasalla ba ta taɓa fashi ba.

Sai aka yi wa Bahijja canjin wurin aiki zuwa Karaye. Wadda ta gaje ta ba muguwa ba ce, layi ne ya yi mata tsawo. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Sunan yaro?"

Tasalla ta sunkuyar da kai.

"Baiwar Allah, da ke nake. Ko tsintarsa kika yi a hanya?"

Benci ya ɗauki dariya. Wata tsohuwa ce ta faɗi sunan daga baya. Ranar an ba Tasalla magani cikakke, har da na ƙarin jini. Ta ƙulle shi a bakin zane, ba ta sake komawa ba.

Sulle ya yi ta lallashi. "Ki daure. Ai ba don ita za ki je ba."

"Na ji, Malam." Sai ta aika a sayo mata maganin a kemis.

Da damina ta yi nisa, sanyi ya shiga ƙashin yaron, idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Sulle ya ari babur ya ɗauke ta da yaron, ya nufi asibitin kusa. Ta riƙe rigarsa ta ce Karaye, wurin Bahijja. Ruwa ya cinye hanya, suka yi ta zagaye ta gefen gonakin dawa. Kafin su kai ta ji nauyin goyon ya sake a bayanta. Ba ta gaya wa Sulle ba sai da ya tsaya.

A zaman makoki ba ta yi kuka ba, ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane.

Yanzu 'ya'yanta uku. Ko mura ɗayansu ya yi, Karaye take kai shi. Idan babur ya zo daidai ƙofar asibitin kusa, sai ta juya fuskarta wajen gonaki har su wuce.