Neman 'Ya'yan Yaye Daga Roni Zuwa Kanya Babba

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron rubuta abin da ba daidai ba. Maigidana ne ya ce ko in rubuta, ko in daina damun sa da zancen.

Shekarar da naira ta shigo, Sistar da nake aiki a ƙarƙashinta a asibitin Kazaure ta aike ni ƙasar Roni da Gwiwa da Babura in auna nauyin yara ƙanana. Da takarduna za a yanke inda motar asibiti za ta riƙa zuwa duk wata. Inda yara suka fito lafiya a takarda, mota ba za ta je ba. Ta ce in dawo ran Alhamis.

LITININ, RONI

Mun tashi ƙarfe biyar na asuba da Malam Sale direba. Sau biyu ina sa shi ya tsaya in duba ko sikeli yana cikin mota.

"Malama," in ji shi, "sikelin nan fa ba shi da ƙafa."

Bakwai saura kwata muka isa. Na rataye sikeli a reshen darbejiya a tsakar gidan dagaci, mata suka yi ta dariya.

"Yau 'ya'yanmu sun zama gyaɗa! Nawa kike sayen buhu?"

Yara ɓul-ɓul, kusan duk sun cika awo. Na ci tuwon dawa miyar kuka, na kwana ɗakin uwargida.

TALATA, GWIWA

Ƙarfe takwas muka shiga. Nan ma haka. Da azahar, ina shan furar kwabo biyu, na sake bin takarduna layi layi, don ban taɓa yarda da aikina a duba ɗaya ba. Ga na goye, ga 'yan shekara uku. 'Yan shekara biyu kuwa, kamar an share su.

Na tambayi wata mai ciki, Hajara, ina wanda ta cire daga nono.

"Ilu? Ai yana wajen yaye, gidan kakarsa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Yo, cewa kika yi a kawo yaran da ke gida."

Kunya ta kama ni, don ni kaina a gidan kakata aka yaye ni. Malam Sale ya ce man da aka ba shi na gari uku ne, ba na gidajen kakanni ba. Na ɗora sikeli a ka na kama hanya. Ban yi nisa ba ya biyo ni ya karɓe, yana ta mita har mil huɗu.

Kakar ta tare mu da wasa. "Mijin nawa kuka zo gani? Me zai same shi? Kunu safe, kunu yamma."

Ta fito da Ilu. Gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura, ko kuka ba ya iyawa. Na sa shi a sikeli, na nuna mata inda allura ta tsaya da inda ta tsaya wa ɗan wata tara a Gwiwa.

"'Yar nan, kar ki tafi," ta ce. Da kanta ta zaga ta tattaro sauran kakanni da jikokinsu.

A hanyar dawowa Malam Sale bai yi mita ba. Ya ce, "Gobe Roni za mu koma, ko da turin mota ne."

LARABA DA ALHAMIS

Mun sake aikin Roni daga farko, har gidajen kakanni, can ma muka tarar da irin su Ilu. Alhamis ƙarfe shida na safe muka ratsa Kazaure, na sunkuyar da kai kar wani ya gan ni ya kai wa Sista labari. Kusa da Babura masu duba kaya suka tsare mu, suna tsammani awon hatsi muke zuwa yi kan iyaka. Da suka ga ɗan wandon da ake zaunar da yaro a ciki, sai suka ce mu wuce. A Babura da Kanya Babba, kakanni na fara nema kafin iyaye.

JUMA'A, GIDA

Na shiga wajen Sista ƙarfe goma, na makara kwana ɗaya. Ta karanta har ƙarshe ba ta ɗago ba. Sannan ta ce, "Wa ya sa ki bin kakanni?"

"Ranki ya daɗe, ba kowa."

"To, mota za ta je duk ukun. Kuma kakanni za a fara yi wa shela."

Yanzu duk wata muna koya musu kunun gyaɗa da faten wake. Ilu yana gudu, kakarsa ta ce mijin ya fi ƙarfinta. Alhamdu lillahi. Ina gode wa dagatai da matansu da Malam Sale.

Sai dai layi ɗaya ya rage ban cike ba. A Kanya Babba an ce wata yarinya, Delu, an kai ta yaye gidan kakarta a tsallaken iyaka, cikin Nijar. Don Allah, fataken da ke bin hanyar nan, duk wanda ya san gidan, ya duba mini gashinta da ƙafafunta, ya aiko mini da labari Kazaure.