Mangwaron da Ya Sauki Baƙo

A unguwar Ɗan Iya na tashi, a gidan da ke daf da titi, har tagar ɗakin Kakata Dije tana kallon kwalta. Tsakanin tagar da titin akwai wani tsohon mangwaro. Bayan magariba, in an sauke tuwo, mukan kewaye murhu tun garwashin bai mutu ba. Amma Kaka ba ta fara tatsuniya sai na tsinko mata ganye ɗaya daga reshen da ke wajen titi. Ta shafa shi da gefen farin mayafinta, ta miƙa kusa da wuta mu ga baƙin da ya fito.

"Maigidana, duba," haka take tsokanata. "Yau baƙonmu ya zo da kaya da yawa."

Tatsuniyar baƙon nan muka fi ji. Wai Hayaƙi ne ya shigo gari da matarsa Ƙura, suna neman masauki. Suka je wa Gwanda, ta ce jikinta ba ƙwari, kwana biyu za ta yi yaushi. Sai Hayaƙi ya hango yara a tsakar gida, ya ce, "Shi ke nan, ƙirjin waɗancan ma ɗaki ne." Mangwaro ya yi wuf ya tare shi: "Ku sauka a ganyena. Damina za ta zo ta yi min wanka." Tun ranar yake ɗauke da su, bai taɓa ƙorafi ba. Nan Kaka take jefa ganyen a wuta, ta kore mu sallar isha.

Na girma, na yi aure a gidan, na sayi 'yar motata. Titinmu ya cika da keke-napep da babura da manyan motoci. Mangwaron ya rage 'ya'ya, ganyensa ya yi baƙi ƙirin, kullum yana zubo min datti a kan mota. Ni da na yi boko, sai na yanke hukuncin cewa bishiyar ta lalace, ita ke kawo mana ƙazanta. Wallahi tatsuniyar ko faɗo min a rai ba ta yi ba. Ranar da Kaka ta tafi bikin suna a garin Miri, na kira masu injin yanka itace suka sare mangwaron.

Da ta dawo, ta daɗe tsaye a gaban kututturen. Ban ji faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

Kafin wata uku labulenta ya canja launi. Sai tari ya kama ta, irin wanda ke hana tsohuwa ƙarasa magana. A asibiti likita ya tambaye ni ko ɗakinta yana kusa da titi, na sunkuyar da kai. Muka mayar da ita ɗakin ciki, na dasa wani mangwaron, wanda har yau bai wuce ƙuguna ba.

Rannan 'yata Hafsa ta matsa mata sai ta yi tatsuniya. Kaka ta fara, tari ya tare ta tun Hayaƙi bai isa wurin Gwanda ba. Da ya lafa, ta goge baki da mayafi, ta dube ni tana murmushi.

"Maigidana, ƙarasa mata. Ka gaya mata inda baƙon ya sauka yanzu."