Neman Inna Ba-Fashi a Chow Kit

Sallar asuba kawai na idar muka kama hanya, ni da ƙawata 'yar Vietnam, daga jami'armu da ke can arewacin Malaysia zuwa Kuala Lumpur. Masu bibiyata kun saba ganin hoton abinci da na kantuna duk lokacin da na shiga birni. Wannan karon ba yawo ya kai mu ba. Wata mata muka tafi nema, wadda muka fi shekara muna hulɗa da wayarta, kuma digirin ƙawata ya rataya a kan mu gan ta da idonmu.

Bari in warware muku. Mu uku ne a binciken. Ƙawata ma'aikaciyar jinya ce, tana nazarin hawan jini a tsakanin 'yan ƙasarsu masu ci-rani a Malaysia. Ni na haɗa manhajar da ke tura wa kowane majinyaci saƙo da safe cikin harshensu. Saƙon yakan gaishe shi da sunansa, ya tambaye shi ko ya sha magani, shi kuma ya ɗaura na'urar awon jini a dantse, sakamakon ya iso mana. Na ukunmu ɗan sashen kasuwanci ne, shi tunaninsa ɗaya, yadda za a sayar wa kamfanoni manhajar.

Kun dai san halin mutane da magani. Wani ya amsa yau, ya ɓace sai wani satin. Mace ɗaya ce kawai, wata mai ɗinki a unguwar Chow Kit da ke Kuala Lumpur, ba ta taɓa tsallake ko rana guda ba, har na laƙa mata suna Inna Ba-Fashi. Ɗan kasuwancinmu kuwa da ita yake buɗe duk wani jawabinsa. Rigimar ta taso ne ranar da wani malami mai duba aiki ya zauna ya ƙura wa bayanan ido. Ya ce watanni ke nan wayar matar nan ba ta motsa daga wuri ɗaya ba. Awon jininta da ya lafa, rana ɗaya ya tashi sama ya yi zamansa a can. Ƙawata ta ce ta lura, ta yi ta kira ba a ɗauka, ta tura saƙo a je asibiti, amsar dai ɗaya ce kullum: eh. Malamin bai ce ƙawata ce ta ƙirƙiri matar ba, amma duk wanda ke ɗakin ya ji abin da bai faɗa ba. Aka ce mu je mu kawo hujja, ni ce shaida. In babu matar, babu digiri.

Motar da muka shiga irin doguwar nan ce da direbanta ke ganin naman kanti ya ɗauko, ya ƙure sanyi har haƙorana suna haɗuwa. Hanya sumul, babu rami babu shinge, abin da har yau ke ba ni haushi in na tuna hanyar garinmu. Hagu da dama gonakin kwakwar manja ne a jere, ba ka ganin mutum ko akuya, sai hazo kwance a tsakanin itatuwan. Wajen garin Ipoh duwatsu suka taso tsaye, baƙi-baƙi, kawunansu a cikin gajimare. A wurin hutawa na sayi shinkafar nan tasu mai madarar kwakwa da ƙananan kifi, a farashin da ya kusan ninka na makaranta, ƙwan ma rabi suka sa. Ƙawata ko ruwa ba ta sha ba. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce ita da hannunta ta ɗaura wa matar na'urar a bara, har matar ta ba ta lemo.

Da la'asar muka sauka a unguwar Danau Kota, gidan wata yayata da mijinta ke koyarwa a jami'ar kusa. Can sama suke a bene, in ka leƙa taga motoci kamar kiyashi. Na gaida yaranta da Hausa suka amsa min da Turanci, ƙaramar ma da Malayanci ta ce in zo mu ci abinci. Yaya ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kukar da take ɓoyo kamar zinariya. Da na ba ta labari sai ta ajiye cokali.

"Ke yanzu PhD kika zo yi ko neman fatalwa? Wayar da ba ta motsi amma tana amsawa? Ni dai please, ki yi azkar kafin ki fita."

Na yi dariya, amma na yi azkar ɗin, har da ƙari.

Mun yi sammako don mu isa kafin saƙon safe ya fita, mu ga hannun da ke amsa shi. Muka hau ƙaramin jirgin ƙasan nan mai bin gadar sama muka sauka a Chow Kit. Kasuwar unguwar ta riga ta cika, ƙasa jiƙe da ruwan kifi, ana sara kaji, 'yan Indonesiya da 'yan Bangladesh suna ta ciniki da yaren da ba na kowa ba. Barkono a nan ya fi na unguwarmu araha nesa ba kusa ba, na ƙudurta zan dawo kansa. Muna fita ta bayan kasuwar hadari ya haɗo, gari ya yi duhu kamar magariba, sai ruwa ya tsuge. Muka bi ta ƙarƙashin rumfunan Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi, duk ƙofofin ƙarfe a sauke, ba a buɗe ba tukuna.

Adireshin da matar ta bayar tun farko ya kai mu wani lungu. Wani mai shayi ne kaɗai a bakin lungun, a kedai ɗinsa, wato ɗan shagon da yake soya gurasa. Ƙawata ta tambaye shi mai ɗinki 'yar Vietnam. Ya dube mu, ya dubi saman benen, ya nuna wata ƙofa da babban yatsa yadda 'yan ƙasar suke yi. Ya ce kullum yana jin ƙarar keken ɗinki a sama, amma ita matar rabon da ya gan ta tun kafin azumi. Da, in ji shi, kowace safiya takan sauko ta yi tapau ɗin shayi biyu, a ƙulle mata a leda ta hau da shi. Yanzu babu mai saukowa.

Matakalar siririya ce, ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, ƙwan fitilar kuma ya mutu. Na kunna fitilar waya. A kwanar farko na kusa sakin ihu, don mutane na gani tsaye a jikin bango. Ashe mutum-mutumin nan ne da ake sa wa kaya a shago, an nannaɗe su da leda, babu kawuna. Muka raɓa ta gefensu, ledar tana taɓa min hijabi. Tun daga nan ƙamshin turaren tsinke ya tare mu, ga ƙarar keken ɗinki tana saukowa a hankali. Muna taka matakalar ƙarshe ƙarar ta tsaya cak.

Ƙofar a sakaye take. Ƙawata ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama da harshensu. Shiru, sai ruwan sama a kan kwano. Muna tsaye a haka lokacin saƙon ya cika, na ji wata 'yar ƙara daga cikin ɗakin. Na san ƙarar nan, ni na zaɓe ta da hannuna wata rana ina cin gyaɗa a ɗakin bincike. Wallahi ban taɓa jin tsoron abin da na ƙera da kaina ba sai ranar.

Ƙawata ta tura ƙofar. Kekunan ɗinki biyu ne a ɗakin, ɗaya da riga a bakin allura, ɗayan an lulluɓe shi da farin yadi, ga silifan mace a ajiye a ƙarƙashinsa. Babu kowa. A bangon ƙurya akwai wani katako kamar kanta, da jar fitila a kansa, da kwanon shinkafa mai tururi, da lemo, da tsinkayen turare suna hayaƙi. A tsakiya hoton wata mata ce tana murmushi. Ƙawata ta damƙe min hannu har na ji farcenta.

"Ita ce," ta ce.

A gaban hoton wayar take, jone da caja, fuskarta a haske da saƙona.

Labulen gefe ya motsa. Wani dattijo siriri ya fito da kofin shayi a hannu, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Bai razana da ganinmu ba, hannu kawai ya ɗaga mana alamar mu dakata. Ya ajiye shayin gaban hoton. Ya ɓare ƙwayar magani ɗaya ya sa a wani ɗan faranti. Ya ɗauki wayar da hannu biyu ya karanta saƙon a fili, tun daga gaisuwar har sunan, yana kallon hoton. Sannan ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya ɗaura na'urar a dantsensa. Muna jin ta tana hura iska tana saki. Da ta gama ya danna wayar ya mayar da ita daidai inda take. A hannuna tawa wayar ta yi motsi, ta sanar da ni Inna Ba-Fashi ta amsa.

Sai a lokacin ya ba mu kujera. Ƙawata tana fassara min kaɗan-kaɗan. Mijin matar ne. Watannin baya ta yanke jiki ta faɗi a kan wancan keken, kafin a isa asibiti ta cika. A al'adarsu, in ji ƙawata, ana ajiye wa mamaci irin wannan wuri a cikin gida, a riƙa kai masa abinci ana yi masa magana, kuma babban abin tsoronsu shi ne mutum ya mutu a baƙuwar ƙasa inda babu mai kiran sunansa. Washegarin rasuwar saƙon ya shigo kamar kullum. Ya ce a duk garin nan, ban da shi, wayar ce kaɗai ta tuna da sunan matarsa. Ya ji tsoron in bai amsa ba za a daina turowa. Kiran waya kuwa ba ya ɗauka, don ya san muryarta za a nema.

Ni Musulma ce, na san mamaci ba ya karanta saƙo, ba ya shan shayi. Amma zama na yi hawaye na zuba, ina jin tausayi da tsoro a haɗe. Gaisuwar nan da sunan, saura kaɗan in cire su tun farko, don ina ganin suna tsawaita saƙon a banza.

Ƙawata ce ta fara dawowa hayyacinta, aikin jinya ya motsa. Awon da ya tashi sama ya zauna duk watannin nan ashe nasa ne, kuma ko ƙwaya ɗaya bai taɓa sha ba, a faranti yake ajiye wa matar. Ta sake auna shi da kanta, ta dube ni, na gane ba lafiya. Ta ce sai asibiti yanzu-yanzu, ya ce yana da ɗinkin da zai miƙa. Ta yi masa magana da wata murya da ban san tana da ita ba, sai ga shi ya ɗauko lema. A wani ƙaramin asibiti kusa da kasuwar likita ta ce Allah ne ya kawo mu, ta rubuta masa magani nan take. Da muka mayar da shi ya ba mu takardar shaidar rasuwar muka ɗauki hoto, ya kuma cusa mana lemo a jaka. Ban tambaya ko daga kan katakon ya ɗauko ba. Barkonon ma ban koma kansa ba.

A motar dawowa sanyin bai dame ni ba. Malamin da ya yi zargi ya ga hujja, ya ba ƙawata haƙuri a gaban kowa, digirinta ya tsira. Ɗan kasuwancinmu ya cire matar daga jawabinsa shiru-shiru. Saura abu ɗaya. Dokar bincike ba ta yarda a ci gaba da tura wa mamaci saƙo ba, kuma ni ce mai rufe shafin. Na daɗe zaune da yatsana a sama kafin in danna.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, na shekara ina kallon lambobi a allo ina cewa na san mutanen, alhali ko mai rai da mamaci ban iya bambancewa ba. Mutumin da ya fi kowa buƙatar magani yana ta turo mana shaida kowace safiya, mu kuma muna yi masa tafi.

Washegari da safe na sami ƙawata a ɗakin bincike, ta riga kowa zuwa. Lokacin saƙo ya yi, manhajar ta tura wa kowa ban da lamba ɗaya. Sai ƙawata ta ciro wayarta ta rubuta da hannunta. Ta gaida matar da sunanta, sannan ta ce a gaya wa maigida ya sha nasa maganin. Muka zauna muna kallon wayar a kan tebur. Can ta yi haske, amsa ta shigo: eh, ya sha. Na san sarai yatsan wa ya rubuta, amma duk da haka tsigar jikina ta tashi, don sunan da ya fito a fuskar wayar na marigayiyar ne.