Kwandalar da Ta Kai Ni Zaman Makoki

A shekarar da iyalina suka koma Kano suka bar ni ni kaɗai a unguwar Al-Sadd, can ƙasar Larabawa inda nake aiki, na faɗa cikin wani wasa na marasa aikin yi. Wani mutum ne a intanet ya ce ya ɓoye ƙaramin akwati a cikin ƙasar, kuma alamomin wurin suna jikin wata kwandala, irin wadda ake bugawa don tunawa da biki ba don cefane ba. Ƙa'idar wasan ita ce ka warware daga kan kujerarka, ka aika amsa. Ni kuwa injiniya ne, kuma ina da ciwon nan na ganin na fi kowa kai.

Na sayo kwandalar. Hasumiya ce a jikinta, da itatuwan dabino a gefe. Na yi ta juya ta a kan taswira har na yanke hukuncin cewa wurin wata gona ce a garin Umm Salal. Maimakon in aika amsa, sai na jefa shebur a bayan mota, na kira abokina, mutumin Zango daga Kumasi.

"Injiniya, da girmanka kwabo ya juya maka kai?" in ji shi. "Yalla, mu je in ga ƙarshen haukan."

Bayan la'asar muka isa. A bakin gonar motoci ne jere da wata babbar rumfa. Kafin in juya mota, wani mutum ya zo ya yi mana iso da hannu. Sai da muka shiga muka gane zaman makoki ne. Ba a rene mu da ganin makoki mu juya ba, saboda haka muka yi gaisuwa, muka zauna, aka zuba mana gahawa.

Wani dattijo ya taso da sandarsa ya zauna kusa da ni. Shi ne uban mamacin. Ya ce ɗansa yakan ba shi labarin abokan aikinsa 'yan Afirka, kuma tun jiya yake duban hanya ko ɗaya zai zo. Ya riƙe hannuna.

"Yaya yake a wurin aiki? Ba ya yawan magana a gida."

Abokina ya sunkuyar da kai. Ni kuma da guntun Larabcina na ce mutumin kirki ne, Baba, ba ya faɗa da kowa. Zufa ta karyo mini. Na sa hannu a aljihu in ɗauko hankici, kwandalar ta biyo shi ta faɗi a kan darduma.

Dattijon ya riga ni ɗauka. Ya kai ta kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce yaron tun yana ƙarami yake tara irinsu, yana raba wa waɗanda yake so.

"Shi ya ba ka?"

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, amma yaya zan ce masa da shebur na zo gonarsa ranar da yake kukan ɗansa? Na gyaɗa kai. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba.

Ya mayar mini da ita a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kanta. Ya ce tunda ɗansa ya zaɓe ni, to in riƙa sa shi a addu'a. Na yi masa alkawari.

A hanyar komawa abokina bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, sai ƙarar shebur da muke ji a bayan mota. Wasan kuwa ban sake leƙa shi ba, ban ma san ko an sami akwatin ba.

Alkawarin dai ina cika shi bayan kowace salla. Sai dai "ɗan dattijon Umm Salal" nake cewa, domin ban san sunansa ba, kuma abokin mamaci ba ya tambayar sunan mamaci.