Baffa Hudu da Takardar Kumburin Ciki

Ku da kuka san Baffa Hudu, ƙanen mahaifina, kun san ba ya fita sai da jar kanwa a aljihu. Mutane na raba goro a wurin suna, shi kuwa sai ya gutsuro kanwa ya miƙa wa liman. In an yi dariya ya ce, "Ku yi ta yi. Ranar da wake ya kama ku, za ku nemi gidana." Cikin nan nasa ya shekara goma yana kumbura, bai kuma fasa cin ɗanwake ba ko na kwana ɗaya.

A shekarun tamanin ina malamin asibiti a yankin Kura, wasu masu bincike suka kawo takardar tambayoyi, wai ana son sanin irin taimakon da masu kumburin ciki ke samu daga danginsu. Kafin a yarda da takardar, sai an gwada ta: a tambayi mutum yau, a koma bayan mako biyu. In amsa ta zo ɗaya, takarda ta yi kyau. Ni aka ɗora wa yawon. Na yi ta tura keke a kan kunyoyin alkama har Bunkure, rana na dafa ni, kowa na tambaya sai ya ce "da sauƙi". Da na gaji, na ce bari in je wurin Baffa, na gida ba zai wahalar da ni ba. Ashe nan wahalar take.

Na same shi yana ba tumatir ruwa. Na karanta masa: "In ciki ya tashi, wa ke taimakonka? Mata, 'ya'ya, maƙwabta, ko ba kowa?"

Ya ce, "Allah."

Na ce, "Baffa, ba a sa wannan gurbin ba."

"To ɗana, takardar da ba gurbin Allah ai ita ke neman taimako."

Na lallaɓa shi har ya yarda zai ambaci mutane. Sai ya fara daga mai unguwa, ya bi gida-gida, har da Bafulatanar da ke kawo nono. Na ce ya zaɓi ɗaya. Ya ce, "In zaɓi ɗaya, gobe in gaisa da sauran da wane ido?"

Bayan mako biyu na koma. Yana hango takardar ya ce, "Ka ɓatar da waccan ke nan?" Na yi masa bayani. Ya ce, "Wato ka zo ka ji ko tsoho ya yi ƙarya." Ranar kuma 'ya'yansa biyu da ke Kano ya ce in rubuta, wai kullum suna hanya. Na san rabonsu da garin tun rasuwar uwarsu. Amsa ba ta zo ɗaya ba, masu bincike suka maido min da takardarsa, suka ce in sake. Wallahi ranar ji na yi kamar in ajiye aikin.

Zuwa na uku ban same shi a gona ba. Yana kwance a zaure, ciki ya yi tam, ga murhu a gefe da tukunyar da ya ɗora wa kansa bai iya saukewa ba. Na sauke masa, na ba shi ruwa. Na zaro biro, ya ce, "Mayar da shi aljihu." Na mayar, sannan ya ce, "Amsarka ita ce ta ƙarshen nan. Ba kowa. Amma in ka rubuta, ban yafe ba. 'Ya'yana ne, ba zan tona musu asiri a gaban baƙi ba."

Ban rubuta ba. Aka cire sunansa daga binciken, wai amsoshinsa ba su da tabbas. Ni kuwa da na ji gaskiyar da kunnena, na yi ta cewa zan leƙa shi ran Juma'a, aiki na hana ni, har damina ta faɗi aka aiko ya rasu. Har yau abin yana ci min rai.

Allah Ya jiƙan Baffa Hudu. Yadda ya rufa wa nasa asiri, Allah Ya rufa masa, mu kuma Ya yafe mana.