Kaya Masu Nauyi na Hajiya Kulu

Har gobe ban manta da Talatar da na rungumi sikelin ofis na nufi unguwar Kusfa ba. Ku da kuka fara aiki bana, ku ajiye waya ku saurara, don takardar nan da kuke miƙa wa matafiya kuna hura hanci, ni na rubuta ta.

Lokacin ina shekara ta biyu a wannan kamfani namu na shirya tafiye-tafiye, ina teburin karɓar baƙi. Manajanmu na wancan zamani, Alhaji Sabo, ya je kwas na kwana uku a Abuja, ya dawo da ilimin da ya fi ƙarfin cikin ganuwa. Ya ce daga yau kowane matafiyi a ba shi jerin abin da zai zuba a jaka, gwargwadon inda za shi. Ya rubuta da Turanci, ya ce in mayar Hausa. Mai zuwa Umara, harami da silifa da lema da maganinsa. Mai zuwa hutun bakin teku, tabarau da man kare fata daga rana, mu da rana ta gama da mu tun muna zanin goyo. Mai zuwa ƙasar sanyi kuwa, sai ni gwanar fassara na rubuta masa: "A tafi da kaya masu nauyi." Na karanta na ji daɗin kaina, har na ja layi a ƙarƙashi.

Ƙa'idar aikin ita ce, jajibirin tafiya ma'aikaci ya je gidan matafiyi ya auna kayansa. Jaka biyu jirgi ya yarda da su, kowace kada ta wuce kilo ashirin da uku.

Hajiya Kulu dattijuwa ce a Kusfa, ba ta taɓa hawa jirgi ba sai na Makka. 'Yarta Maryam ta yi haihuwar fari a Turai, inda mijinta ke karatu, babu dangi ko ɗaya a kusa. Hajiya za ta je yi mata jego, jirginta kuma washegari zai tashi daga Kano.

Ina shiga ɗakinta na tarar da jaka huɗu, kowace ta kumbura kamar tunkiya mai ciki.

Na ce, "Hajiya, ƙaura za ki yi?"

Ta ce, "Ba ke kika rubuta ba? Na yi yaƙi da jahilci, 'yar nan, da kaina na karanta."

Muka buɗe. Ga ƙaramin turmi da taɓaryarsa. Ga tukunyar ƙarfe. Ga ƙullin kanwa, garin gero, yajin jego, daddawa, kuka, kilishi. A jaka ta huɗu kuma leshi ne masu duwatsu har kala shida. Ta nuna min tana murmushi, ta ce ga masu nauyi a hannu, ga masu nauyi a ido, duk wanda nake nufi ta cika umarni. Rigar sanyi kuwa ko ta rantsuwa babu.

Innalillahi! Na fita tsakar gida na kira Alhaji Sabo. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Zuwaira, ki yi mata bayanin polisin kamfani. Ki zama furofeshonal." Ya kashe waya. Allah ya saka masa da alheri, ya taimaka ƙwarai.

Na dawo muka zauna a tabarma. Kilishi na ce ba a shiga da nama ƙasar, ta ce a raba wa maƙwabta. Turmi da tukunya ta sallama bayan ta yi min kallon marar tarbiyya. Leshin da na zaci a kansa za mu kai ruwa rana, biyar ta ture gefe ko gardama babu. Na hau keke napep na je wajen 'yan gwanjo, na samo mata ƙatuwar kwat, suwaita biyu, safa da takalmi rufaffe. Muka cusa komai a jaka biyu, na ɗora a sikeli. Ɗaya ta yi daidai, ɗaya ta wuce da kilo uku.

Ni mai ilimi sai na kai hannu kan ƙullin kanwa. Na ce, "Hajiya, can fa akwai manyan asibitoci, akwai komai. Wannan dutsen a bar shi."

Ta dafe hannuna. Ta ce, "'Yar nan, kin haihu?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Da na haifi Maryam uwata ba ta da rai. Kunun kanwa da kaina na dama, ina damawa ina kuka. Ranar na ce in Allah ya ba ni tsawon kwana, yarinyar nan ba za ta dama nata ba. Cire rigar. Sanyin ai ni zai kama."

Wallahi kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Ina kallon sikelin, can sai abu ɗaya mai amfani da na koya a wannan ofis ya faɗo min: jaka ake aunawa, ba a auna abin da ke jikin mutum.

Washegari da hantsi na je rakiya. Watan Maris ne, garin ya ɗau zafi. Hajiya Kulu ta fito daga zaure da suwaita biyu, kwat a sama, hijabi a kan kwat, safa da takalmi rufaffe, tana tafiya da ƙyar. Matan layi suka leƙo, wata ta ce, "Hajiya, zazzaɓi ne?" Direban motar da za ta kai ta Kano ya juya baya yana dariya a ɓoye. Gumi na zuba a fuskarta, na ce ta cire kwat ɗin sai an kai filin jirgi. Ta ce a'a, kada a mayar da ita cikin jaka a ce ta cire kanwar. Ta ce, "Malam direba, bismillah, yarinya na jira."

Da na koma ofis na gyara layin ya zama "rigunan sanyi masu kauri". Alhaji Sabo ya duba ya ce dama abin da yake shirin cewa ke nan.

Bayan kwana huɗu saƙon murya ya shigo wayata daga lambar waje. Maryam ce. Ta ce, "Anti, Hajiya ta ce in gaya miki na sha kunu."

To ku sababbi, sikeli da jeri duk aiki ne, ku iya su. Amma mutanen garin nan ba kasafai suke haɗa jaka don kansu ba. Kafin ku ce wa mutum ya cire wani abu, ku tambaye shi wajen wa za shi.