Kai wa Mama Keiko Alawar Shayi

Alhamis: Laurel zuwa Washington

Na fita daga gidana a Laurel ƙarfe biyar da minti ashirin, bayan sallar asuba. Ku da ke gida kun san aikina, kula da tsofaffi. Shekara uku ke nan ina kula da Mama Keiko, 'yar asalin Japan mai shekara tamanin da shida. An kwantar da ita a asibiti a Washington, kwana huɗu ta ƙi cin komai, likitoci suka ce za a huda cikinta a sa mata robar abinci. Abin da ta fi tsoro ke nan a duniya. Ta taɓa riƙe hannuna ta ce, "Hauwa, kada ki bari su yi mini wannan." Ni kuwa na ce to, alhali ba ni da ikon sa hannu ko a takardar magani.

Jirgin ƙasa ya sauke ni a babbar tasha shida da rabi, bakwai ina gaban likita. Na roƙe shi ya bari in kawo mata wani abin zaƙi mai sanyi da take yi da kanta a da, hawa uku a kofin gilas, da gasasshen ganyen shayin ƙasarsu da suke kira hojica. Ya ce muddin mai laushi ne ba laifi, amma in ba ta ci komai ba zuwa ƙarfe huɗu na Juma'a, 'yarta da ke California za ta ba su izinin sa robar.

Rockville

Minti arba'in a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kantin 'yan Japan ba ya buɗewa sai goma, na tsaya a bakin ƙofa rana na dukana. Dattijon kantin ya miƙo mini ganyen, ja-ja, yana ƙamshi kamar ƙanzon shinkafa, ya haɗa da garin da ke daskarar da ruwa. Na tambaye shi ko da kitsen alade a ciki, ya ce daga ciyawar teku ake yin sa. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Ruwan zafi, minti ɗaya kawai."

Landover

Na isa gidan Hajiya Rabi ɗaya saura kwata. Mutuniyar Maradi ce, tana sayar da abinci, kuma ita ce mai babban firji. Nawa na haɗaka ne, abin da ka ajiye da safe ba ya kai yamma. Ta ajiye mini dambu, na kasa ci.

Na shiga ɗaki yin azahar, da na fito sai na ji wani ƙauri. Hajiya ta juye fiye da rabin ganyen a 'yar buta, ta ɗora a wuta, ta zuba sukari, tana ta ɗaga shi sama tana zubawa har ya yi kumfa, yadda suke yin shayi a Nijar.

"Hajiya, me kika yi?"

"Taimaka miki na yi, ɗiyata. Shayin da bai sha wuta ba ai ruwan wanki ne."

Na ɗanɗana, ɗaci kamar maɗaci. Komawa Rockville da dawowa ya fi awa biyu da rabi, ga shi ganyen da ya rage bai cika tafin hannu ba. Na so in yi mata faɗa, amma a haife ta haife ni, sai na haɗiye. Na jiƙa ragowar ina kallon agogo. Na tsoma biskit a ruwan shayin na shimfiɗa a ƙasan kofi, na buga kirim ɗin madara na ɗora, na jira ya kama jikinsa, sannan na dama garin daskarewar a sauran ruwan shayin, na zuba shi a hankali a matsayin hawa na uku. Kofi ɗaya tak ya samu. Yana buƙatar awa shida a firji, dole na kwana a nan.

Juma'a: Landover zuwa asibiti

Malam Isufu, direban tasi ɗan Damagaram, ya ɗauke ni ɗaya da rabi bayan ya sauko daga masallaci, don kofin ba zai jure cunkoson jirgi ba, shi kuma yana da wani aiki da safe. Tafiyar mil tara ce, amma wata babbar mota ta lalace a kan titi, muka tsaya cak. Na'urar sanyaya motarsa kuma iska mai ɗumi take hurowa. Na rungume kular da na sa kofin a ciki a cinyata, ina jin ƙanƙara na narkewa tana motsi a ciki.

"Malam Isufu, babu wata hanya?"

"Malama Hauwa, sai haƙuri. In na bi ta gefe, polis za su ba ni tikitin tara."

Uku da minti goma muka isa. Mai gadin ƙofa ya ce in buɗe kular, ya ɗaga kofin yana juya shi a gaban fitila, sannan ya mayar. Hawa na sama ya ɗan karkace, amma bai rushe ba.

Na sami Mama ta juya fuska ga bango. Na buɗe kofin kusa da hancinta. Nas tana tsaye a bayana da takarda, agogon bango ya nuna uku da rabi, ni ina ta salati a zuci. Can sai ta juyo. Na kai cokali, ta karɓa, ta daɗe da shi a baki kafin ta haɗiye.

"Sukari ya yi yawa," in ji ta, da wata 'yar murya.

Sai ta sake buɗe baki. Cokali bakwai ta sha, nas tana rubutawa. Likita ya zo ya ce za a dakata a gani zuwa mako mai zuwa.

Laurel

Na kama jirgin yamma, na shiga gida bakwai saura. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Isufu, har Hajiya Rabi ma na yafe mata. Ina cire takalmi waya ta yi ƙara, na ga lambar asibiti. Nas ce. Ta ce Mama ta farka, tana tambayar ina aka kai mata sauran.